San Da Ya Ci Tozonshi

Ku da kuke zuwa kuna cewa in koya muku fawa cikin sati biyu, don ku hau kamiyo, babbar motar kaya, ku tahi Abijan ku kafa tabur na saida nama, ga tambaya guda. In na fasa ƙashin cinyar sa da gatari na miƙa muku ɓargon, kuna iya faɗa mini irin zaman da dabbar ta yi a duniya? Ba ku iyawa. Kun ga wuƙa, kun ga nama, kun ga mahauci shina ba'a da matan da sunka zo sayen na miya, sai kunka ce ai wagga sana'a ko akuya ta samu barho sai ta yi ta. To ku gyara zama. Ni Tankari na fi shekara arba'in tsakanin jini da tumbi a Madawa, kuma darasin da ya fi zauna mini ban same shi ba sai ranar da na kusa raba maigidana da wuƙarshi.

Maigidan nawa Baba Arzika ne, Allah shi jiƙan shi. Gajere, siriri, in iska ta taso sai an riƙe mishi riga. Amma in ya kama ƙahon sa, san ya san ya gamu da hukuma. Shekara uku na yi wajenshi ban taɓa tsoka ba, sai wankin tumbi da hanji. Warin ya kama ni har in na tahi kasuwar Buza karnukan garin su fito tarbata tun daga bayan gari, su raka ni, su maido ni. Kayan aikinshi huɗu ne, babu na biyat: barho, ƴar wuƙar fiɗa, gatari, da dutsen wasi da ya lotsa a tsakiya kamar akushi. Barhon wajen ubanshi ya gada, an wasa shi an wasa shi har ya koma siririn ganyen albasa. Ba shi ba kowa aro. Ko matarshi in tana son yanka kuɓewa sai ta shiga maƙwabta.

Saniya ta farko da ya bari na feɗe wata ja ce da munka sawo a Urno don kilishi. Da maraice na ɗauko harawa zan zuba mata, wai ni mai tausayi, ta ci na ban kwana. Ya buge mini hannu. Ya ce dabbar da za a yanka gobe ruwa kaɗai ake ba ta, ta kwana haka, tumbi shi sauka, fata ta saki nama, fiɗa ta yi tsabta. Amma in ka bar ta ta wuce kwana biyu ba ci, ka shiga wani gari. Nama ya yi duhu, ya bushe, in ka shanya shi a kan kara ka tsoma a labu, wato kwaɓin gyaɗa da yaji, kilishin ya fito kamar takalmin soja. Tsakanin kwana guda da kwana uku akwai ilimin da babu lakwal ɗin boko da ke koyar da shi.

Daga nan ya fara koya mini karatun yunwa. Ya ce dabba in ta rasa abin ci a ƙasa ba ta daina ci ba, juyowa take ta ci kanta. Da tozo take farawa. In tozo ya kwanta sai kitsen baya da na gindin wutsiya, sannan na ƙoda. Na ƙarshe ɓargo. Ɓargon sa mai lahiya fari ne, da tauri kamar man shanu da safiyar ɗari. Na wanda ya sha wuya ja ne, ruwa-ruwa, in ka karkata ƙashin sai ya zubo maka a ƙafa. Mu dai magana guda gare mu a kan duk wannan: ya ci tozonshi. Kuma ya ce in abinci ya dawo, da baya-baya jiki ke komawa. Ƙashi ke fara cika, sannan ƙoda, sannan baya, tozo shi ne na ƙarshen tashi. Ku riƙe wagga magana, za ta dawo. Ban da na ciki akwai kuma rubutun waje. Ƙaho da kofato kullum tsiro suke, watan da dabba ta sha yunwa wurin ya tsuke ya bar zobe. Baba Arzika ba da ido shike karanta zoben ba, da farcen babban yatsa.

Masu saye kuwa kowa da ciwonshi. Direbobin da ke tsayawa bakin gudron, wato kwalta, kilishi suke so mai yaji, wanda zai hana su barci har Ƙonni. Ma'aikacin buro, ɗan ofis, shi zo da takalmi mai ƙyalli, shi nuna da makullin mota, wai a ba shi wajen da babu jijiya, kamar Allah ya yi sa ba jijiya don shi. Tsofaffin mata su ne jandarmominmu na gaske. Tsohuwa ta latsa nama da yatsa guda ta ce maka san ga ya girme ta, kuma ba ta yi ƙarya ba. Baba Arzika bai taɓa yi musu rantsuwa ba. In nama na tsohon sa ne sai shi ce a dafa tun da hantsi.

Cikin shekarun da sunka biyo bayan karya darajar kuɗin sefa, akwai wadda damina ta ɗauke ƙafa tun gero bai yi ido ba. Bazarar da ta biyo, shanu sunka riƙa gangarowa daga arewa ta Keita, kana bisa tudu kana ƙirga haƙarƙarinsu. Ungulayen abatuwar, wato mayanka, sunka yi ƙiba har tashi ya gagare su, sai ka ture su da ƙafa ka wuce. Kowa cewa shike mahauta sun samu, shanu sun yi arha. Arhar mi? Ka kayar da sa mai ƙaho kamar reshen gawo, ka fitar da naman da bai rufe faifai ba. Baba Arzika ya daina kilishi wata huɗu cur, ya ce ba zai shafa labu a kan igiya shi kira ta nama ba. Direbobi sunka koma wajen wasu. Bai bi su da ido ba.

Bayan daminar da ta biyo, wata Baturiya ta sauka kusa da asibitin mishan. Likitar dabbobi ce, daga wata babbar lakwal ta ƙasarsu. Ta zo abatuwar da sassafe tare da mai yi mata tafinta, Iliya, Kirista ne, shi ke auna jini a asibitin, mutum mai natsuwa, riga kullum a goge. Ita Mushe Iliya take ce mishi, yadda suke cewa Malam da Faransanci. Na ja shi gefe na ce don Allah in zai shigo cikinmu shi aje wagga sarauta a ƙofa, mu nan mushe ba abin alfahari ba ne, kama mutum ake a kanshi. Bai yi fushi ba. Ya dubi hannuwana ya ce ai wani mushen ya fi wani mai rai ƙamshi. Daga ranar munka zama abokai.

Abin da ta zo nema ya ba mu dariyar sati guda. Ba nama ba, ba fata ba, gashin wutsiya. Iliya ya ce tana bincike a kan dabbobin da sunka yi azumi. Wani tsoho cikinmu ya tambaya ko shanun ƙasarsu sun musulunta ne, don namu ko alwala ba su iya ba. Munka sa mata suna Madam Wutsiya, kuma ta amsa. Amma aikinta ba na wasa ba ne. Kowace wutsiya da hannunta take tsige gashin, har da saiwa, ta ɗaura jan zare a gefen saiwar, ta sa a ambulop ta rubuta da bik. Ba ta ƙyamar tumbi, ba ta gudun jini. Na taɓa ganin ta durƙushe cikin kashin shanu tana neman gashi guda da ya faɗi, kamar wadda ta yar da zinariya.

Baba Arzika ne ya fara ɗaukar ta da gaske. Wata rana ya sa Iliya ya tambaye ta mi gashi zai faɗa mata wanda ɓargo bai faɗa ba. Ta zauna bisa kututturen da muke sara ƙashi ta yi bayani, Iliya shina juyawa. Ta ce cikin abinci da cikin jikin kowace dabba akwai wani abu da ake ce ma azot. Iri biyu ne, ɗaya ya ɗan fi ɗaya nauyi, ido ba shi gani sai mashin. Marar nauyin ya fi saurin fita da fitsari, mai nauyin ya fi zama a jiki. Shi ya sa mai cin nama ya fi mai cin ciyawa tara mai nauyin, kura ta fi saniya. To in saniya ta daɗe ba ci, jikinta sai ya koma cin naman kanta, mai nauyin ya hau, gashin da ya tsiro a watannin nan ya riƙe shi. Gashin wutsiya kuwa ba shi mantuwa. A hankali shike tsiro, wajen fata labarin jiya, can ƙarshe labarin bara. Ɓargo yau kaɗai ya sani, gashi ya san wata. In an yayyanka shi gunduwa-gunduwa anka auna a ƙasarsu, sai a ga lokacin da saniya ta zama kura.

Baba Arzika ya ce ma Iliya: "Faɗa mata mun san shi. Cin tozo ake ce mishi."

Da Iliya ya fassara, matar ta miƙe tsaye. Ta sa anka maimaita mata sau uku, ta rubuta a kayenta, ɗan littafin da take yawo da shi. Ta ce shekara nawa tana neman gajeriyar maganar da za ta ɗauke dogon bayanin nan, ashe tana nan wajen mahauta cikin ƙuda. Daga ranar in ta zo shi take fara gaisuwa, har da rusunawa yadda ta ga ana yi. Shi kuma shi ware mata wutsiyoyi, shi ce wagga ta sha wuya, waccan ba ta sha ba, ita kuma ta rubuta don ta gwada bakinshi da na mashin.

Yanzu ga san da ya jawo magana. Akwai Alhaji Kadri, babban mai fataucin albasa a Madawa, mutumin da ya san albasa kamar tare anka haife su, amma saniya sai ta yi tahiya shike gane gabanta da bayanta. Da ruwa ya sauka bayan waccan muguwar bazara, ya tahi kasuwa shi kaɗai, ba mahauci ba dillali, ya sayi shanu. Cikinsu akwai wani dogon jan sa ɗan Azawak, wanda ɗanyar ciyawa ta kumbura ma ciki ta sa mishi sheƙi. Ya kai su kiwo wajen Agali, wani makiyayi a Ibohamane, mai ɗan noma mai ɗan kiwo. Gidan su Agali tun kakanshi shanun mutanen gari suke riƙo, da nonon suke ciyar da ɗiya. Alhaji ya riƙa aika dusa da angurya. Bayan wata shida, cikin ɗari, ya tahi dubawa. Sauran shanun sun murmure. Jan san kuwa tozonshi na kwance kamar hular da anka zauna a kai.

Alhaji ya ce Agali ya ci amana, shanun kanshi shike ba dusar. Kuma a kasuwa ya faɗa, ranar kasuwa, gaban mutane. Makiyayin da anka yi ma haka tashi ta ƙare, kowa zai zo shi kore nashi. Agali ba mai yawan magana ba ne, ko da Hausa ko da Tamajak. Cewa kawai ya yi a kira wanda ya san sa.

Munka tahi ni da Baba Arzika. Madam da Iliya ne sunka ɗauke mu a motarsu, don dama Ibohamane na cikin wuraren da take zuwa. Baba ya zagaya san sau biyu. Ya danna gindin wutsiya, ya shafa baya, ya sa anka ɗaga mishi kofato, ya bi ƙaho da farce tun daga gindi har ya tsaya a wani zobe. Sannan ya ce san nan ya ci tozonshi har ɓargo, amma tun bazara, kafin shi shigo hannun Agali. Yanzu cika shike daga ciki, dusar Alhaji tana nan cikin ƙashi da ƙoda, tozo sai baɗi. Da ya tsaya nan da an rabu lahiya. Sai ya ƙara da cewa da Alhaji ya tahi da mahauci ranar saye, da bai sayi kumburin ciyawa ba.

Nan ya taɓo ƙurji. Alhaji ya ce yaushe maganar mahauci ta zama shaida, mutanen da ke rantsuwa a kan kowace tsoka. Ya ce ga mai ilimi nan da mashin, a bar takarda ta yi magana. Baba Arzika ya zaro barho daga ɗamara ya ɗaga ma mutanen da sunka taru.

"In takarda ta ce a hannun Agali san ga ya sha yunwa, na aje wanga. Ba ni ƙara yanka ko zakara."

Madam ba ta so ba. Ta ce aikinta ba alƙalanci ba ne, kuma amsa sai an yi watanni. Amma ta dubi Agali shina tsaye ya jingina da sanda, ta yarda. Alhaji ya ce shanu su zauna har takarda ta zo.

Saura ɗibar gashi, kuma nan gwaninku ya shigo. Wutsiyar abatuwar ba ta gardama, mai ita ya riga ya kwanta. Wannan kuwa da rai da ƙafa huɗu, kuma ya gaji da latsawa. Madam ta matso sau biyu, sau biyu ya harbi iska kusa da kunnenta. Na ce su ja da baya, ni Tankari na taɓa riƙe wutsiyar amalen raƙumi daga Keita har Buza bai san da ni ba. Na lallaɓa na cafke. Ban tsaya tsiga ba, na sa wuƙa na shafce tuntu guda daf da fata, na yi tsalle na dira can cikin ƙaya. Madam tana nesa tana kakkaɓe wando, ta yi magana da Faransanci. Iliya ya jefo mini jan zare.

"Tun da babu saiwa, ɗaura wajen kai, kafin shi juye maka."

Na dubi gashin a hannuna. Kowa ya san gindin gashi, kowa ya san kanshi. Itace haka, karan dawa haka, gindi inda ya tsiro, kai inda ya ƙare. Ban tambaya ba, mai baki irin nawa ba shi tambaya. Na ɗaura jan zare can ƙarshe, inda ke kore ƙuda, na ƙulle sau uku, na tura cikin ambulop, na lashi bakin na manne. Har kirari na yi ma kaina a mota.

Watannin jira Baba Arzika bai sake komi ba. Da asuba shina abatuwar, barho a hannu. Mutane su zo tabur ɗinshi wai sayen nama, alhali wuƙar sunka zo dubawa kamar mai jinya. Can Ibohamane kuwa mutum biyu sun riga sun kore shanunsu daga garken Agali, ba su jira takarda ba.

Takarda ta zo da zafin bazara. Anka taru da hantsi gindin gawon bayan abatuwar. Alhaji bisa kujerar da ya sa anka ɗauko mishi, Agali a tsaye, mahauta kamar ƙudan tumbi. Madam ta buɗe. Zane ne, layi guda da ya miƙe a kwance sannan ya hau tudu. Ta ce gefen jan zare shi ne kwanakin da anka yanke gashin, ɗaya gefen bazarar bara, tudun kuma shi ne yunwa. Tudun kuwa manne shike da gefen jan zare. Ta ɗaga hannu ta ce kafin kowa shi yi magana, wagga amsa ta dame ta, don ba ta yi kama da ta sauran shanun shekarar ba. Alhaji bai bari Iliya ya ƙarasa fassara ba. Ya ce an dai ji, a hannun Agali ne.

Baba Arzika ya zaro barho ya aje bisa tabarma, ƙota wajen mutane. Sannan ya ce tun da ya aje, a ba shi izinin tambaya guda, irin ta wanda bai shiga lakwal ba. Ya ɗora yatsa a ɗaya gefen takardar, inda layi ke kwance lumui.

"Nan ne bazarar bara?"

Iliya ya ce nan ne.

"To takarda ta ce bazarar da ungulu ta kasa tashi, san ga shina ƙoshe. Tambaye ta a wace aljanna ya yi kiwo, mu kai namu."

Madam ta dubi takarda, ta dube shi. Ta buɗe jaka ta fito da ambulop. Ashe rabin gashin anka auna, rabi anka maido mata, da jan zarena a jiki. Baba ya zare gashi guda. Bai duba ba, rufe ido ma ya yi, ya ja shi tsakanin leɓɓa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce gefen da babu zare da kauri shike, yankan wuƙa ne, kuma wuƙar Tankari ce don yankan ya karkace kamar mai ita. Gefen mai zare kuwa ya sirance, ya tsattsage, rana da kashi sun ci shi, ya daɗe shina kore ƙuda. Ya buɗe ido ya tambaya wane gefe anka ce a ɗaura zaren.

Iliya ya ce wajen kai, wato gefen da ke kallon kan sa, wajen fata. Ni kuma bakin nan nawa da bai taɓa rasa magana ba, da ƙyar ya ce kan gashi na ji.

Madam ta ɗauki takardar ta kifa ta, ta ɗaga ta wajen rana yadda zanen ke fitowa ta baya. Tudun ya tashi daga kusa da yau ya koma can bazarar bara, daidai inda na sauran shanu shike. Layi kuma ya gangaro a hankali tun wajen watan da san ya shiga garken Agali. Ta ce mashin ba shi ƙarya, amma kamar sa shike, abin da anka zuba mishi shike ci. Ta ce laifinta ne da ba ta buɗe ambulop ta duba ba. Iliya ya ce a'a nashi ne, Hausarshi ta asibiti ce, can komi da kan marar lahiya ake auna shi. Ni ban sa baki ba. Masu ilimi biyu suna rabon laifi, wane ni in nemi kaso.

Sannan ta buɗe kayenta ta nuna ma mutane zanen wutsiyoyin da Baba ya ware mata tun farko. Ta ce waɗanda ya ce sun sha wuya, tudunsu na nan. Waɗanda ya ce ba su sha ba, layinsu a kwance. Abin da mashin ya yi watanni shina aunawa a ƙasar sanyi, tsohon ya riga ya faɗa da farce kafin shayinta shi huce.

Alhaji ya so shi ja. Ya ce takardar da ake karantawa ta gaba a karanta ta baya, wace irin takarda ce. Madam ta ce a ɗaure san ta tsige wani gashi da saiwa ta sake aikawa. Agali ya ce kada a wahalar da mashin, Alhaji shi zo baɗi shi ga tozo. Alhaji ya daɗe shina kallon gashin a tafin Baba. Ya karɓa, ya murza gefen da ya tsattsage, ya murza ɗayan. Mai albasa ne, ya san saiwa ya san ganye. Ya tashi daga kujera, ya sunkuya ya ɗauki barhon da hannu biyu ya miƙa ma Baba Arzika.

"Baba, riƙe abinka. Ni ne na sayi kumburi."

Wannan kam na yaba mishi. Kuma ranar kasuwar Ibohamane ya tahi ya tsaya daidai inda ya yi waccan magana ya janye ta da ƙarfi, gaban mutanen da sunka ji ta farko. Masu shanun nan biyu sunka maido nasu suna ta kame-kame, wai dama canjin iska sunka kai su. Da shekara ta kewayo tozon jan sa ya tashi, ya tashi, har in ka hau bisanshi kana hango Tawa. Daga nan Alhaji ko tunkiya zai saya sai ya aiko mota ta ɗauki Baba.

Ni kuwa jira nike a kore ni, ko aƙalla a yi mini wankin babban bargo gaban jama'a. Baba bai yi ko ɗaya ba. Ya roƙi Madam jan zaren, ya kwance ƙullina uku ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe shi a ƙotar barho. Mahauta dai ba su yafe ba. Shekara goma sunana Wajen Kai. In an kayar da sa anka ce a riƙe kai, sai kowa ya nuna mini wutsiya.

Sai da tsufa ya ci ƙarfinshi, shekaru bayan Madam ta koma ƙasarsu, ya kira ni rumfa wata rana da azahar. Ya zaro barhon da ko matarshi ba ta taɓa yanka kuɓewa da shi ba, ya miƙo mini.

"Wajen zaren ake riƙewa, Tankari. Na sa maka alama don na san ka."

Ga shi nan a ɗamarata, zaren ya yi baƙi da maiƙo, amma in kun kankare da farce za ku ga ja. A'a, ban ce ku taɓa ba. Ga kwando can bayan rumfa cike da tumbi. Ku tahi ku wanke. Wanda ya dawo ya tambaye ni ta wane gefe ake juya shi, shi zan koya ma fawa.